Kuɗin takarda ko na fenti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗaliba ce ni a Zariya, ina koyon zanen daji da duwatsu da fentin ruwa. Da na ɗora launi na biyu a kan na farko sai su cakuɗe su zama kamar laka, takardar kuma ta yamutse. Kuɗina kaɗan ne. In sayi fenti mai tsada ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bar maganar fenti tukuna, ki zuba kuɗin a takarda. Ta firinta nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, ruwa kaɗan yake lalata ta. Nemi mai giram 300, wadda aka yi da auduga, irin Arches ta Faransa ko Fabriano ta Italiya. Tana da tsada kam, amma babban falle guda, mai santimita 56 da 76, zai yanku gida takwas. Ki manne gefunansa a kan allo da tef.

Fentin ɗalibai na Cotman ya wadatar. Kala uku ma sun isa: shuɗin da aka rubuta wa Ultramarine, jan ƙasa Burnt Sienna, da rawaya Yellow Ochre.

Lakar da kike gani kuwa, ga dalilinta. Abin da ke riƙe launi a fentin ruwa ƙaro ne, wannan dai na dakwara da ake tsinka a Yobe da Borno da Sudan. Ko ya bushe, ruwa na sake narkar da shi. In kika yi ta goga buroshi a wuri guda, kin tayar da shafawar farko ke nan, ta haɗu da ta biyu. Shafa ɗaya tak, ki ɗauke hannu.

Kafin ki jiƙa buroshi, ki san inda za ki bari fari, don farin takardar ne haskenki. Ki fara da sama a kan jiƙaƙƙiyar takarda, da launi tsararo. Duwatsun nesa su biyo baya, fari-fari masu ɗan shuɗi, sai bishiyoyin kusa da inuwarsu a ƙarshe, su ne mafi duhu. Tsakanin kowace shafawa ki taɓa takardar da bayan hannu. In kin ji sanyi, ba ta bushe ba. A damina jiran yakan yi tsawo. A hunturu kuma kan ki kai tsakiyar sama, gefe ya bushe ya bar miki layi, don haka ki dama launi mai yawa tun farko, ki ɗan karkata allon, ki bi ɗigon ruwan zuwa ƙasa ba tsayawa.

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Maraɗi yana son sayen kwali guda mai buroshi goma sha biyu.

Amsa: Malam, rabinsu za su tsufa a kwali. Sayi mai zagaye lamba 12 na gashin roba, mai tsinin baki, da faffaɗa guda ɗaya don sama.