Yadda marubuci ke ambaton littafinsa da Japananci

Tambaya: Malam, ina karatu a Japan, kuma littafina ya fito kwanan nan. Ina so in aika wa farfesana kwafi. Na ga ana rubuta 拙著, amma ƙamus ya ce ma'anarsa "rubutuna maras gwaninta". Ashe bayan duk wahalar da na sha sai in kushe abina da bakina?

Amsa: Barka da arziki, Allah ya sanya albarka. Kwantar da hankalinka, babu Bajapanen da zai karanta kalmar nan ya ɗauka littafin ba shi da kyau. Ana furta ta "secco", a danne harafin tsakiya kamar yadda ake cewa "icce". Harafin 拙 kan nuna rashin ƙwarewa, 著 kuma wallafa, amma a wasiƙa aikinta kawai ta ce "nawa ne" cikin ladabi. Jagoran kalaman girmamawa da majalisar al'adu ta gwamnatin Japan ta fitar a 2007 ma ya kawo ta a misalan kalaman ƙanƙan da kai don girmama wanda ake wa magana.

Sai dai kalmar alƙalami ce. In kuna hira kan shayi, ka ce watashi no hon, wato littafina, ya wadatar. A takardar tarihin aiki kuwa ba a son ladabi ko yabo: chosho (著書) ake sa wa, a bambance tancho, wanda ka rubuta kai kaɗai, da kyōcho, na haɗin gwiwa. Wannan na biyun ka kiyaye shi. Da yawa suna guje wa 拙著 a kansa, ni ma ina goyon bayansu, don ba ka da hurumin ƙasƙantar da gumin abokin aikinka. In maƙalarka ce, kalmar ladabin ita ce sekkō (拙稿), in fassararka ce kuma setsuyaku (拙訳).

Babban kuskure shi ne ka kira littafin farfesa da wannan kalma. Nasa go-chosho ne, ko go-kōcho (ご高著) in kana son ƙara masa girma.

Kwafin da za ka aika, ka saka 'yar takarda a ciki mai ɗauke da 謹呈, kintei, "na miƙa cikin girmamawa", da sunanka a ƙasa. A wasiƙar ka ce ka yi jōshi (上梓) na littafin. Tsohuwar kalma ce ta wallafa, daga zamanin da ake sassaƙa haruffa a kan allon itace, kuma dattawan jami'a har yau suna amfani da ita.