Rufe RT da Sputnik ya hana ƙaryar yaƙi yaɗuwa?

Tambaya: Malam, na ji an ce Turai ta rufe kafafen labaran Rasha da aka fara yaƙin Yukren, amma har yau ina ganin bidiyoyinsu suna yawo a waya. To me rufewar ta tsinana?

Amsa: Ta rage wani abu, ɗan'uwa, sai dai ba yadda aka zata ba. A ranar 2 ga Maris 2022, kwana shida da shigar sojojin Rasha Yukren, Tarayyar Turai ta haramta RT da Sputnik, kafafen labaran gwamnatin Rasha, a ƙasashenta 27, har da shafukansu na Facebook da YouTube. RT reshen Faransa ta kai ƙara, kotun Tarayyar ta yi watsi da ƙarar a Yuli na shekarar. Amma dokar Turai iyakarta Turai, shi ya sa kai da ke nesa kake ci gaba da ganinsu. Sai a Satumba 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya kore su daga dandalinsa a duniya baki ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da aka toshe ƙofa sai ƙarya ta sake riga. A Satumba 2022 ƙungiyar EU DisinfoLab, mai binciken labaran ƙarya, ta bankaɗo wani shiri da aka laƙaba wa suna Doppelganger. Sai a ƙirƙiri shafi mai kama da na sananniyar jarida irin Der Spiegel ta Jamus ko The Guardian ta Birtaniya sak, tambari da komai, a ɗan canza adireshin, a cusa labarin ƙarya, sannan a biya kuɗin talla a Facebook, asusun bogi su yi ta turawa. Mai karatu na zaton jaridar da ya saba ce. Wa za ka haramta a nan? An rufe wannan adireshi yau, gobe wani ya tsiro.

A ganina, fallasa ta fi toshewa tasiri. Ka tuna bidiyon bogin nan na Maris 2022, wanda aka haɗa Shugaba Zelensky na Yukren yana ce wa sojojinsa su ajiye makamai. Hukumomin Yukren sun riga sun gargaɗi jama'a cewa irinsa na tafe, shi kuma ya fito da bakinsa ya ƙaryata a ranar, sai bidiyon ya zama abin dariya. Aikin da Viginum, hukumar Faransa mai sa ido kan kutsen ƙasashen waje a intanet, ke yi ke nan tun 2021: bin sawu da tona asiri. Daga baya Turai ta ƙara da dokar DSA ta kula da dandalin intanet, wadda ke iya cin tarar manyan dandali har kashi 6 cikin ɗari na cinikinsu na shekara.

Kada ka manta kuma, Rasha ma ta toshe Facebook a ranar 4 ga Maris 2022, kuma da sunan yaƙi da ƙarya ta kafa dokar ɗaurin da ya kai shekara 15 ga mai yaɗa abin da ta kira labarin ƙarya kan sojojinta. An ɗaure 'yan jarida da 'yan adawa da ita, har da ɗan adawa Ilya Yashin, saboda maganar da ya yi kan kisan fararen hula a garin Bucha na Yukren.