Fayilolinka suna nan, Windows ce ta buɗe maka asusun wucin gadi

Ɗan'uwa, ka ce bayan sabunta Windows 10 ka kunna kwamfuta, ka tarar da fuskarta fayau, babu hotuna babu takardu. Kwantar da hankalinka. Galibi Windows ce ta kasa karanta asusunka, sai ta buɗe maka na wucin gadi. Haka ya faru da mutane da yawa a Fabrairun 2020, bayan sabuntawar KB4532693.

Don Allah kada ka ajiye komai a wannan asusun, domin da ka fita za a goge shi.

Buɗe File Explorer, wurin duba fayilolin kwamfuta, ka shiga C:\Users ka duba. Jakar da ke ɗauke da sunanka tana nan, wani lokaci da .000 ko .bak a ƙarshen sunan. Kwafe abin da ke ciki zuwa filashi tun kafin ka taɓa komai. Sannan ka kashe ka kunna sau uku ko huɗu, sau da yawa hakan kaɗai yana dawo da asusun.

In ya ƙi, buɗe sabon asusu mai ikon shugaba (administrator), ka kwaso Documents, Pictures da Desktop daga tsohuwar jakarka zuwa cikinsa, amma ka bar fayil ɗin NTUSER.DAT, wanda ke riƙe da saitunan asusunka, don sau tari shi ne ya lalace. Akwai gyara ta regedit, manhajar gyara saitunan cikin Windows, a ƙarƙashin sashen ProfileList, sai dai ban so ka shiga can kai kaɗai ba tare da wanda ya saba ba.