Amsa ga Hajiya kan gidajen abincin da ke yankan baƙi a Santambul

Wa alaikumus salam Hajiya, barkanku da warhaka. Na ga tambayar da kuka saka: kuna shirin zuwa Santambul karon farko ke da ƙanwarku, sarin abaya da kayan yara, masauki a Laleli unguwar masu sari, kuma wata maƙwabciyar shagonku a Kasuwar Dole ta Damagaram ta ba ku tsoro da labarin abincin dare ɗaya da ya cinye mata kuɗin kwali guda na kaya. Kuna son sanin ko gaskiya ne, yadda ake gane irin wuraren nan, da kuma inda mu mazauna can muke ci. Ni ɗan Birni ne, karatu ya kai ni Santambul, daga baya na zauna ina aiki da masu aika kaya gida, don haka baƙi 'yan Damagaram da Maraɗi da Kano da yawa sun bi ta hannuna.

Gaskiya ne, ba ƙari ta yi ba. Amma ba duk garin ne haka ba, wasu 'yan tituna ne ƙidayayyu, kuma abin da ya haɗa su ɗaya ne: mai gidan ya san ba zai sake ganin fuskarku ba. Ku tuna masu abincin da ke inda bas take tsayawa a hanyar Yamai, a Konni ko Dogon Dutsi. Direba ya ba da minti ashirin, fasinja ga yunwa ga sauri, ko shinkafar ta kwana ko naman ƙashi ne, gobe wasu fasinjojin ne za su sauko. Mai tuwon unguwa kuwa ba ta isa ta yi haka ba, don wanda ta cuta yau shi ne za ta gaisa da shi gobe da safe. To ku ɗauki wannan ku kai shi gaban Ayasofiya, babban masallacin tarihi da baƙi ke tururuwa, ku sa masa farin ƙyalle a tabur da fitilu masu launi.

Wuraren da na fi jin kuka a kansu su ne kewayen Sultanahmet, wato tsakanin Ayasofiya da Shuɗin Masallaci da titunan bayansu, sai ƙarƙashin gadar Galata, sai dandalin masu kifi na Kumkapi, sai wasu lungunan titin Istiklal wajen Taksim. Daga Laleli idan kuka hau taragon cikin gari mai lamba T1, tasha ta uku ita ce Sultanahmet, kun ga kusa ne, dole wata rana bayan la'asar ƙafa ta kai ku. Ku je, ku yi salla, ku ɗauki hoto. Cikin ne dai kada ku kai musu.

Alama ta farko tana tsaye a bakin ƙofa. Saurayi ne tsaf-tsaf riƙe da takardar abinci mai hotuna, yana tare hanya. Da ya hango baƙar fata da mayafi zai fara jero gaisuwa da Larabci da Faransanci da Turanci har ya dace da wadda kuka juyo. Na taɓa jin wani ya ce wa wani Alhaji “sannu, lafiya lau”, Alhajin ya washe baki kamar ya haɗu da ɗan ɗakinsu. Gidan da abincinsa ke da daɗi ba ya biyan mutum albashi don ya jawo hannun riga a titi. Albashin saurayin nan da hayar wurin, wadda ba ƙarama ba ce, duk a cikin farantinku za su fito.

Yadda ake yankan kuwa ba a tsakiyar takarda yake ba, a gefe-gefe ne. Kuna zama, tun ba ku ce komai ba, za a jera muku kwalbar ruwa babba, da wani biredi mai kumburi kamar balan-balan, da ƙananan faranti na yaji da man shanu da salak. Mu a gida abin da aka ajiye wa baƙo bai roƙa ba kyauta ne, shi ya sa hannu ke tafiya kai tsaye. A can sai a ƙarshe za ku gan su a jere a takarda, kowane da kuɗinsa, a da ma wani lokaci har da kuɗin zama a kan kowane mutum da kuɗin hidima a sama. Kifi ya fi komai haɗari. A ƙarƙashin gadar Galata na ga yadda ake yi ba sau ɗaya ba: a turo tire cike da ƙanƙara, kifaye a kwance idanunsu na sheƙi, ma'aikacin ya ɗaga ƙato ɗaya ta wutsiya ya ce wannan ya ishe ku ku uku. Farashin da ke rubuce na kilo ne ba na faranti ba, kuma ba wanda ya aza shi a sikeli a gabanku. Wani dattijo ɗan Mirya da ya zo sayen injin niƙa ya kawo mini takardarsa washegari, muka zauna muka buga ta da sefa, kifi ɗaya da ruwa da salak sun haura jika sittin. Bai ce musu uffan ba, ya ƙirga ya bayar ya fito.

Wannan shirun nasa shi ne inda nake son in daɗe, don a nan muke faɗuwa. Kunya ce ke cin kuɗinmu, ba rashin wayo ba. Mutumin da zai kwashe rabin awa a Kasuwar Dole yana ciniki a kan dala ashirin na sefa, da ya zauna a kujera mai laushi aka kira shi “Haji” sai ya ga tambayar farashi zubar da girma ce, kada a ce baƙin Afirka matsiyata ne. Hajiya, Baturken da kansa yana tambaya, yana duba takarda layi-layi, yana mayar da abin da bai ce a kawo ba, kuma ba wanda ke kallonsa. Kafin a taɓa komai ku nuna shi da yatsa ku ce “ikram?”, wato kyauta ne? Idan ya yi jim, ku ce a ɗauke. Idan kifi ne ko haɗin gasasshen nama na mutum da yawa, a rubuta muku jimillar kuɗin a waya ko a takarda kafin ya hau wuta. Ba sai kun iya Turkanci ba, lamba ba ta da yare.

Doka ma tana bayanku. Tun daga 1 ga Janairun 2024 wajibi ne kowane gidan abinci a Turkiyya ya kafa jerin farashinsa a bakin ƙofa, ya kuma ajiye shi a kan tabur. Inda kuka ga babu, ko an kawo takarda mai hotuna ba lamba, ku miƙe tun kafin ruwa ya iso. Ku ɗauki hoton na bakin ƙofar da waya, yana kashe gardama. Idan abu ya ƙi, ku ambaci “zabita”, 'yan sandan hukumar gari masu kula da kasuwanni, akwai kuma lambar 175 ta koken masu saye. Sau da yawa jin sunan kaɗai yana sa a ce an yi kuskure a lissafi. Idan da katin banki za ku biya, ku karɓi na'urar a hannu ku ga lambar da idonku, kuma in ta tambaya lira ko yuro, ku zaɓi lira, canjin na'urar yawanci ya fi na banki tsada.

Ba zan rubuta muku farashi da lira ba don kafin ku tashi ya canza. Hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, kuma tun lokacin kuɗin abinci bai zauna wuri ɗaya ba, har Turkawan kansu suka yi gangamin ƙaurace wa gidajen abinci da na shayi na kwana biyu a Afrilun 2024. Ma'aunin da nake ba baƙina shi ne kofin shayi. Ranar da kuka sauka ku ga nawa masu shaguna a Laleli ke biyan yaron da ke zagayawa da tiren shayi. Duk gidan da kuka ga shayinsa ya ninka wannan sau uku ko huɗu, to haka sauran takardar take.

Yanzu inda muke ci. Ku nemi abin da ake kira esnaf lokantasi, gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. Suna nan birjik a lungunan Laleli da Aksaray da Fatih, da bayan babbar kasuwa mai rufi, haka ma Merter da Osmanbey idan sari ya kai ku can. Ba ado, ba mai kira. Da shigarku za ku ga gilashi, bayansa manyan tasoshi na tururi: farin wake a miyar tumatir, shinkafa mai mai, kaza da dankali, gauta dafaffe da niƙaƙƙen nama, romo mai kauri na wani ƙanƙanin jan wake. Ku ɗauki tire ku nuna, a zuba, kuɗin kowane a rubuce a bango. Da ƙarfe goma sha biyu da rabi za ku ga teloli da zare a jikin riga, da masu dakon kaya, da 'yan banki da taye, duk a dogon tabur ɗaya kowa kansa a ƙasa, cikin minti goma sha biyar an tashi an ba wani wuri. Wannan cunkoson shi ne shaidar. Ku je da rana, don wajen la'asar tukwanen sun ƙare. A sha da nonon nan nasu mai gishiri, ayran. Bakin ɗan Damagaram da ya saba da fura mai sukari zai yi mamaki a kurɓin farko, daga baya shi zai riƙa nema.

A gaban masallacin Sulaimaniyya, wanda babban magini Mimar Sinan ya kammala a 1557, akwai jerin masu wake da shinkafa. Baƙi na zuwa, amma ɗaliban jami'ar da ke kusa da mutanen unguwa ma na ci, shi ya sa hankalinsu bai gushe ba. Idan kwaɗayin nama ya taso, Kadinlar Pazari a Fatih akwai masu gasa rago a rami, a gani na shi ne ya fi kusa da balangunmu. Kifi kuwa ku hau jirgin ruwa daga Eminonu ku tsallaka Uskudar ko Kadikoy da katin da kuke hawa tarago, ku ci a ɓangaren Asiya. Shi kansa biredi da kifin da ake rububi a bakin ruwan Eminonu, yawancin kifin daga Nowe ake shigo da shi a daskare, ba daga ruwan da kuke kallo ba. Bai hana shi daɗi ba, amma ku sani. Kumkapi da dare ba wurinku ba ne ko ba don tsada ba, giya ce a kan kusan kowane tabur.

Akwai wata magana da wasu a zauren nan ba za su so ba. Wani lokaci ba Baturke ne ke kai ku mayanka ba, ɗan gida ne. Cikin masu rakiya da tafinta akwai mutanen kirki masu tsoron Allah, su ne ma suka fi yawa, amma akwai wanda ke da kamasho a shago da kuma a gidan abinci. Idan mai rakiyarku ya nace sai wuri ɗaya, ma'aikata suna kiran sunansa tun daga nesa, shi ne kuma ke karɓar takarda ya faɗa muku jimilla da baki, to ku ce a miƙo muku ita. Ya fi sauƙi ku yanke masa ladansa tun farko a fili, ku ce ya kai ku inda yake ci ranar da ba shi da baƙo.

Mu ma mazauna muna da namu halin. Wanda ya daɗe a gari yakan raina duk abin da baƙo ke marmari, ya riƙa jan mutane lungu-lungu don ya nuna ya san gari, alhali baiwar Allah ta biya kuɗin jirgi tun daga Yamai tana son ta zauna sau ɗaya a saman bene ta ga hasumiyoyi da teku. Ban ga laifin wannan ba. Ba kowace tsada ce cuta ba: wanda ya rubuta kuɗinsa ƙuru-ƙuru a ƙofa kuka gani kuka shiga, ciniki ne. Ku ci ku ƙoshi a esnaf lokantasi tukuna, sannan ku hau benen ku sha shayi da ɗan baklawa, wani kayan zaƙi nasu, kun san kuɗin kallo kuke biya. Naman nan da ake kawowa a tulun ƙasa ana kunna wuta ana fasa shi da guduma a gabanku, asalinsa na yankin Kapadokiya ne, kuma a Sultanahmet rabin kuɗinsa na wasan ne. Idan wani tabur ya saya, ku kalla daga inda kuke.

Ku zo da yajinku na gida da ɗan garin kuka, don bayan kwana kaɗan baki zai nemi tuwo. Akwai matan Afirka ta Yamma da ke dafawa a benayen Aksaray, yawancinsu ba allo a ƙofa, sai an nuna. Ku yi mini magana ta gefe idan ranar tafiya ta tsaya, in haɗa ku da wata 'yar Zongo da ke aure a can, ita ta fi ni sanin wace ce miyarta ta fi a wannan shekarar. Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi kasuwa mai albarka. A gaida mutanen gida.