Aji kaɗai, ko a haɗa da rediyon makaranta?

Ka tambaya ko darasin rubuta labari zai ishe ka, ko sai ka shiga rediyon makaranta. Shiga kawai, tun kana aji 2, kada ka jira SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata da ake tura ɗalibai. A aji za ka haddace tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, don me, ta yaya. A situdiyo kuwa za ka san sakan 30 ba wasa ba ne.

Amma fa kada makirfo ya raba ka da biro. Labarina na farko, kan ƙarancin ruwa a ɗakunan kwanan ɗalibai, edita ya soke sakin layi uku da jan biro, wai na binne kan labarin a ƙasa. Ranar na gane kifaffiyar dalar nan da malam ke zana mana a allo ina hamma, wato a fara labari da abu mafi muhimmanci.