Amsa ga 'yata kan sauya agogo da sujadar Lahadi

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce a Ingila an tura agogo gaba, kin isa majami'a ana addu'ar rufewa, kina kuma tambaya ko ya dace ikkilisiya ta bi hukuma wajen taɓa lokacin sujada.

Kwantar da hankalinki, babu laifi. Littafi Mai Tsarki bai yanka mana ƙarfe kaza ba. A zamanin manzanni daga fitowar rana ake ƙirge, a raba yini kashi 12 (Yohanna 11:9), shi ya sa sa'ar bazara ta fi ta hunturu tsawo. Sa'a ta tara da Bitrus da Yohanna suka tafi Haikali addu'a (Ayyukan Manzanni 3:1) wajen ƙarfe uku na yamma ke nan. Gargaɗin da aka yi mana shi ne kada mu daina taruwa (Ibraniyawa 10:25). Idan jama'a sun yarda da ƙarfe goma, to goman agogon garin ake nufi.

Riƙe wannan da kyau. Lahadin ƙarshe na Maris, ƙarfe 1 na dare yakan zama 2, a ci miki awa guda ta barci. Lahadin ƙarshe na Oktoba, 2 ya koma 1. Kullum daren Asabar wayewar Lahadi ne, don haka masu sujada ake fara kamawa. Waya takan gyara kanta muddin kin bar ta tana ɗaukar lokaci daga layi, amma agogon bango da na hannu sai ke, kafin ki kwanta. Mutum ɗaya ya gyara a gida. In ke kin tura, mai gidanki ma ya tura, kun yi gaba da awa biyu.

Dattawanku su sa a sanarwa tun ana saura mako, a kuma kira mai riƙe da makulli da shugaban mawaƙa ranar Asabar, don su ne in sun makara kowa ya tsaya a waje cikin sanyi.

Sujadar gida da kike bi ta intanet fa, Najeriya ba ta taɓa agogonta. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da ku. Da hunturu kuwa, ƙarfe 9 namu 8 ne a wurinki.

Ki sa ido a 2027: Ista za ta faɗo 28 ga Maris, ranar sauyin ke nan, kamar yadda ya faru a 2024. Masu shirya sujadar asuba su duba fitowar rana a sabon agogo, wajen bakwai saura kwata a Landan.

Ki gaida mai gidan da yara.