Hukuncin kisa ko gidan gyaran hali: wanne ya dace da wanda ya zubar da jini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwar hatsi ne daga yankin Ƙaura Namoda. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tare hanya suka kashe ƙanena yana dawowa daga cin kasuwa, ya bar mini mata da marayu huɗu. An kama mutum biyu, amma har yau ɗage shari'ar ake ta yi. Me ya hana hukuma ta riƙa zartar da hukuncin kisa a kan irin waɗannan mutane? Kuma da gaske ne gidan yari yana iya gyara wanda ya saba da zubar da jini, ko kuwa ciyar da shi kawai ake yi da dukiyar talakawa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya jiƙan ƙanenka, ya karɓi shahadarsa, ya raya abin da ya bari, kai kuma ya ba ka ladan riƙon marayu.

Zan fara da abin da doka ta ce, domin mutane da yawa suna zaton an soke hukuncin kisa a Najeriya, alhali yana nan daram. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin rayuwa, shi ne kuma ya halatta ɗaukar rai idan kotu ce ta yanke hukuncin, kuma tun 1998 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccinsa a shari'ar Onuoha Kalu. Sashe na 221 na dokar Final Kod da manyan kotunan Arewa ke aiki da ita ya tanadi kisa ga wanda ya yi kisan kai da gangan, haka ma dokar fashi da makami ta 1984. A nan Zamfara muna da dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci da ta fara aiki a watan Janairun 2000 zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, sannan a 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu a kan wata doka da ta tanadi kisa ga 'yan fashin daji, ɓarayin shanu, masu garkuwa da mutane da infoma masu kai musu rahoto. Ka ga ke nan ba ƙarancin doka ke damunmu ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ranar da alƙali ya furta hukunci da ranar da za a kira hauni. Wanda aka yanke wa kisa yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan zuwa Kotun Ƙoli, tafiyar da takan ci shekara goma ko fiye. Idan ya sha kaye a duka, dole ne gwamnan jiha ya sa hannu a takardar zartarwa, kuma sashe na 212 na kundin tsarin mulki ya ba gwamnan ikon yin afuwa ko sassautawa. Mafi yawan gwamnoni ba sa sa hannu, ba sa kuma sassautawa. Takardar takan kwanta a durowa har wa'adinsu ya cika, magajinsu ya zo ya tarar da ita, shi ma ya kau da kai. Rataya ta ƙarshe da aka sani a ƙasar nan a Binin ta Jihar Edo aka yi ta, mutum huɗu a 2013, sai mutum uku a ƙarshen 2016. A ƙarƙashin kotunan Shari'a kuwa, wanda aka fi tunawa shi ne Sani Yakubu Rodi, wanda wata kotu a Katsina ta samu da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, aka rataye shi a Kaduna a Janairun 2002. Sakamakon wannan jan ƙafa shi ne fiye da mutum 3,000 suna zaune a kurkukun ƙasar nan suna jiran mutuwar da ba ta zuwa. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta ba babban jojin jiha damar mayar da hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai idan mutum ya gama ɗaukaka ƙara ya kuma shekara goma ba a zartar ba.

Ba na cikin masu cewa a share hukuncin kisa daga littafin doka, kuma a matsayinmu na Musulmi ba mu da ta cewa a kan abin da Allah ya shar'anta a aya ta 178 da ta 179 cikin Suratul Baƙara. Sai dai ya kamata a lura da yadda Musulunci ya tsara lamarin, domin akwai hikima a cikinsa da masu ihun "a kashe su" ba sa tsayawa su duba. A kisan kai na gaba da gaba, jinin haƙƙin magada ne: in sun so a yi ƙisasi, in sun so su karɓi diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinari 1,000, in sun so su yafe. Ko an yafe ma, a mazhabarmu ta Malikiyya mai kisan ba ya tafiya haka nan, ana yi masa bulala 100 a ɗaure shi shekara guda, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani. Amma tare hanya da makami, irin wanda ya ci ran ƙanenka, hiraba ce, hukuncinta yana aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, kuma idan an kashe rai a cikinta magada ba su da ikon yafewa, saboda laifi ne da aka yi wa al'umma gaba ɗaya. Duk da wannan tsanani, shari'ar ba ta yarda a taɓa wuyan kowa ba sai da shaidu adilai ko iƙirarin da mutum ya yi da bakinsa ba tare da tilastawa ba, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha, wato idan akwai kokwanto ba a zartar da hukuncin.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ke hana ni barci idan na tuna yadda ake haɗa fayil ɗin ƙara a wurarenmu. Shari'o'in fashi da yawa da na gani ba su da wata hujja sai takardar amsa laifi da aka rubuta da Turanci a ofishin masu bincike, aka dangwala yatsan mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba, wanda kuma idan ya zo gaban alƙali sai ya ɗaga riga ya nuna tabon duka. Ba a auna harsashi, ba a ɗauki zanen yatsu ba, shaidun gani da ido kuma sun ƙi zuwa domin yaran wanda ake tuhuma suna nan a daji kuma sun san gidan kowa. A irin wannan hali akan saki mai laifi na gaskiya saboda rashin hujja, akan kuma ɗaure wanda tsautsayi ya rutsa da shi a kasuwa ranar kame. Kuskuren ɗauri ana iya gyara shi a buɗe ƙofa a ba mutum haƙuri. Kuskuren kisa kuwa ba ya gyaruwa: a 1981 hukuma ta zartar da hukuncin kisa a kan wani mai suna Nasiru Bello a Jihar Oyo alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu ba a saurare ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an saɓa doka, ta sa a biya iyalansa diyya, amma wannan bai tashe shi daga kabari ba.

Sannan ko kisan yana tsorata masu laifi? A 2012 wani kwamitin majalisar bincike ta ƙasar Amurka ya duba nazarce-nazarcen shekaru kusan talatin a kan wannan tambaya, ya ce ba su isa a kafa hujja da su ba, ko a ce yana rage kisan kai ko a ce ba ya ragewa. Abin da masana laifuffuka suka fi haɗuwa a kai shi ne tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana ɓarna. Mu ma mun gani da idonmu. Tun farkon shekarun 1970 soja suka fara ɗaure 'yan fashi a jikin durom suna harbewa a bainar jama'a, fashi bai ƙare ba. Yaron da ke yawo da bindiga a dajin Zurmi ko Maru ya riga ya san yana iya mutuwa yau a hannun soja, ko 'yan sa-kai, ko wata dabar da suke gaba da ita. Igiyar da za ta iya zuwa bayan shekara goma sha biyar, in ma an kama shi, ba ta cikin lissafinsa.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali. Sunan farko ya samo asali ne daga sarautar Yari, mai tsare fursunonin sarki, aikinsa kuwa tsarewa ne kawai. Sabon sunan alkawari ne, kuma har yanzu ba a cika shi ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne, irin mutum biyun da ake tuhuma da jinin ƙanenka. Wanda ba a yanke wa hukunci ba galibi ba ya shiga tsarin koyon sana'a, domin a idon doka ba shi da laifin da za a gyara. Yana kwance ne a ɗaki mai cunkoso, ɓarawon akuya kusa da wanda ya yi shekara goma yana satar mutane, daga safe har dare babu abin yi sai hira. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma a nan ne ƙaramin ɓarawo ke samun lambar wayar manya.

Duk da haka na ga mutanen da ɗauri ya gyara, kuma ba zan ɓoye maka ba don ina jin zafin rashinka. Akwai wani da na taɓa tsaya wa, wanda ya sari maƙwabcinsa da fartanya a kan iyakar gona yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, aka same shi da kisan da bai kai na rataya ba. A ciki ya sauke Alƙur'ani a hannun wani malami da shi ma ɗaurarre ne, ya koyi ɗinki a kan wani tsohon keke da fursunoni kusan goma ke layi a kansa. Ranar da ya fito, da furfura a gemunsa, abin da ke hannunsa leda ce baƙa mai ɗauke da riga biyu da allonsa, ko kuɗin mota babu, sai da wani gandiroba ya laluba aljihunsa ya ba shi. Abin da ya cece shi kawunsa ne, wanda ya kai shi wani gari mai nisa, ya saya masa keke na hannu, ya tsaya masa har aka ba shi aure. Yau shekarunsa da yawa yana ɗinki a bakin kasuwa. Irinsa, wanda ya yi kisa sau ɗaya cikin fushi, shi ne ya fi sauƙin gyaruwa, kuma sananne ne ga masana cewa yawancin masu tashin hankali suna yin sanyi idan shekaru suka ja. Wasu ma sukan yi digiri daga ciki ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ke da cibiyoyi a wasu gidajen.

Wanda kisa ya zame masa sana'a kuwa lamarinsa daban ne, domin yana da daba, da makami a ɓoye, da kuɗin fansa da ya saba kashewa, kuma duk suna jiransa a waje. Ka tuna Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020. A Fabrairun 2021 ya zo Gusau ya ajiye bindigogi ya rantse ya tuba, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, ba da jimawa ba aka kashe shi a faɗa da wata daba. Shi ko kurkukun ma bai shiga ba, an karɓi tubansa ba tare da shari'a ba, ba tare da an raba shi da yaransa ba. Aya ta 34 ta Ma'ida ta buɗe ƙofar tuba ga ɗan fashin da ya miƙa wuya kafin a ci ƙarfinsa, gaskiya ne, amma malamanmu sun bayyana cewa haƙƙin Allah ne ke faɗuwa, jinin mutane da dukiyarsu suna nan a wuyansa sai ya biya. Haka kuma a hadisin mutumin da ya kashe rai 100, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, malamin da ya ce masa ƙofar tuba a buɗe take ya haɗa masa da sharaɗi: ya bar ƙasarsa domin ƙasar ɓarna ce, ya koma cikin mutanen kirki. Kawun telan nan bai yi karatu mai zurfi ba, amma abin da ya aikata ke nan. A ra'ayina, irin waɗannan manyan 'yan ta'adda, idan hujja ta tabbata a kansu ta hanyar da babu kokwanto, hukuncin doka ya hau kansu. Wanda kuma aka sassauta wa, ya zauna a tsare na tsawon lokaci a gidan da ba za a fasa ba, domin harin da aka kai gidan yarin Kuje a Yulin 2022, inda ɗaruruwan fursunoni suka tsere, ya nuna cewa ko tsarewar ma ba mu gama iyawa ba. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi suna da ikon gina nasu gidajen gyaran hali, don haka Gusau da Birnin Kebbi ba za su ci gaba da ɗora wa Abuja laifin komai ba.

Game da shari'ar ƙanenka, Malam, shawarata ita ce kada ka zauna jiran labari a gida. Ka fara gano ko an riga an gurfanar da mutanen a babbar kotu ko kuwa har yanzu suna gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron laifin kisa, ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Shari'o'i da yawa a nan suke maƙalewa shekara da shekaru. Ka samu lambar ƙarar daga rajistaran kotu, ka rubuta takarda zuwa ga daraktan gabatar da ƙararraki a Ma'aikatar Shari'a da ke Gusau, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Doka ta ba ka damar ɗaukar lauya da zai riƙa zama a kotu yana sa ido a madadin iyali, ko da yake ba shi ne mai gabatar da ƙara ba. Idan akwai waɗanda suke cikin motar ranar da abin ya faru kuma suna tsoron fitowa, ka sanar da lauyan gwamnati tun da wuri domin ya roƙi kotu ta ɓoye sunayensu ko ta saurare su a keɓe, kuma ka tanadi kuɗin motarsu zuwa Gusau duk ranar zama, domin sau da yawa rashin zuwan shaida ɗaya ne ke sa a sake ɗage shari'a wata uku.